Ka Tabbata?

Kuran ya ɗauke a Garkawa tun magariba.
Saura tara cikin ɗari a cajin salula,
ya ishi abin da zan yi.

Dubu arba'in da ɗaya da ɗari shida.
Na hardace lambar kamar karatun allo.
Su ne mabiyana,
waɗanda ban taɓa haɗa kwano da ɗayansu ba,
na Yamai, na Abijan,
ƴan ciranin da ke kwana bakwai a ɗaki guda,
duk suna jira in ba su dariya.

Na ba su, daga bakin Baba Nomau,
mai albasar Galmi a kasuwar Lahadi ta Tawa,
wanda harshensa ke tuntuɓe a kan kuɗi:
da-da-da-dala ashirin.
Daga bayan buhuna na fara ɗaukarsa, bai sani ba.
Daga baya na ari rawani, na ari muryarsa,
na ƙara gishiri.
Bidiyo sittin da uku.

Jiya ya zo fadarmu.
Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Ya zauna a bakin benci, ya karɓi shayi na biyu,
ya daɗe yana laluben kalmar farko,
mu shida, kowa ya zuba wa gawayi ido.
Ya ce jikarsa Tsahara ta bar zuwa lakwal.
In mushe ya kira sunanta,
sai aji ya amsa: Tsa-tsa-tsa.
Ya ce, kai ne ɗan Sahabi ko?
Ni na kai ubanka likita a amalanke
daminar da kububuwa ta sare shi.
Ya ajiye kofi,
ya bar albasa uku a kan tabarma,
ya ce a kai wa innarka.

Ƙofar shiga wannan gida ta kai filin kokawa faɗi,
ta fita kuwa kafar allura ce.
Ɗaki cikin ɗaki cikin ɗaki
kafin in iske inda aka rubuta: goge asusu.
Na'ura ta hau ciniki kamar dillalin shanu.
Ka ɗan huta mana? Ka rufe na ɗan lokaci?
Me ya kore ka?
Ta jero dalilai biyar,
babu Tsahara a ciki.
Na zaɓi na ƙarshe, wani dalili dabam.
Ta nemi kalmar sirri,
na ba ta sunan Inna da shekarar da na bar lakwal.

Ka tabbata?

Ban tabbata ba.
Tallan man shafawa na kawo jikka goma sha biyar a wata,
da shi na biya kuɗin wannan salular.
A tasha yara na nuna ni da yatsa,
masu kabu-kabu na ɗaukata kyauta.
Da daɗi. Ba zan yi ƙarya ba.

Kwana talatin, in ji ta.
In ka dawo, kayanka na nan.
Bayan haka ko ka yi kuka.

Na danna.

Ba ƙara, ba hayaƙi.
Shekara biyu suka tafi
ba su ɗaga ko ƙurar da kaza ke ɗagawa ba.
Allo fari. Caji huɗu.

Ina zaune a soro ina jin nauyi na sauka,
sai daga bayan katanga, gidan Malam Agali,
wata salula ta ɗaga murya:
da-da-da-dala ashirin.
Muryata ce.
Sun sauke shi tun bara, ya zama nasu.
Yara na dariya har da buga ƙasa.
Na kashe rijiya,
ruwan na cikin tulunan gari.

A tsakar gida Inna na yanka albasa
da hasken tocila a haƙoranta.
Ta cire, ta ce, wannan mai kyau ce,
wa ya aiko?

Na buɗe baki.
Kalmar farko ta ƙi fitowa.